Gwaggon da Ta Koya wa Baba Tafiya Sau Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana arba'in da rasuwar Gwaggo, yayar mahaifinmu, amma har yanzu idan na taso daga kasuwa na doshi gida sai na tsinci hannuna yana gyara hula, don kada ta ce na karkata ta kamar ɗan tasha. Sai na shiga zaure nake tunawa babu mai faɗa. Na ɗauki alƙalami ne saboda tsoro. Mace ce da ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba, kuma na ga yadda ake mance irinsu kafin damina biyu.

Ruɗanin da aka yi a zaman makokinta laifina ne, gara in faɗa da bakina. Ranar da abin ya faru na fita bakin titi na tare direban a-kori-kura mai zuwa Shagari, na ce ya gaya wa mutanenmu an yi mana rasuwa. Ban ambaci wanda ya rasu ba, bakina ya ƙi. Shi ma direban bai tambaya ba. Wa zai tambaya? Kusan shekara huɗu duk wanda ya san gidanmu a Bodinga ya san akwai mutum ɗaya da ake jinya a cikinsa, kuma Baba ne.

Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, shi ya fara isowa daga Horo Birni washegari da hantsi. Ya sauka daga keke, ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa jajir.

"Ya haƙuri, ɗana? Allah shi jiƙan Malam. Ya huta, walle ya huta da wahala."

Kafin in buɗe baki ya tuɓe takalmi ya sa kai cikin zaure. Ga Baba zaune a kan buzu yana karɓar gaisuwa. Kawu ya tsaya cak, takalmin ya suɓuce daga hannunsa. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya sake duban Baba.

"To wa ar rasu?"

Baba ne da kansa ya amsa masa, da harshensa mai nauyi: "Adda ta." Haka yake kiranta tun yana yaro, Adda. Kawu ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, bai ko nemi tabarma ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zuwan wata tsohuwa daga Shagari, ƙawar Gwaggo, wadda suka yi shekara da shekaru suna sayar da daddawa rumfa ɗaya. Ta shigo cikin gida da ƙwaryar gero a ka, tana kiran Gwaggo tun daga soro. "Ina take? Ku kai ni gare ta in yi mata gaisuwa. Baiwar Allah ta yi jinya, ta yi iyakar ƙoƙarinta." Tsohuwar ta nufi ɗakin Gwaggo kai tsaye, ta ɗaga asabari, ta ga an naɗe shimfiɗa an jingine. Inna, mahaifiyarmu, ce ta riƙe ta kafin ta kai ƙasa, geron kuwa kaji suka samu.

Haka aka yi ta yi har kwana uku. Mutum ya zo da haƙurin da ya shirya tun daga hanya, ya tarar ba na wurin ba ne.

Baba manomin albasa ne. Fadamarsa tana wajen Danchadi, kuma a zamanin ƙarfinsa shi kaɗai yake ɗora buhun albasa a bayan jaki, ba ya kiran kowa. Da ranin farko bayan farar hula sun karɓi mulki, lokacin da motocin 'yan siyasa ke wuce mu da tutoci zuwa Shagari, yana tsaye yana ban ruwa da jigo sai guga ya kuɓuce masa, ya faɗi a bakin rijiya. Maƙwabtan fadama suka ɗora shi a amalanke suka turo shi har bakin hanya, daga nan aka samu mota. Amma a cikin gari ma sai da aka sake sa shi a amalanke, aka ratsa da shi ta gaban masallacin unguwa mutane na fitowa daga azahar, bakinsa a karkace, wandonsa a jiƙe. A asibiti a Sakkwato likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ya ce mu yi haƙuri, mu kai shi gida.

Kwana biyu da dawo da shi Gwaggo ta sauka da adakarta da buta da tabarma. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu. 'Yar ƙaramar mace ce, idan tana tafe daga nesa sai ka ɗauka yarinya aka aika. Ta shiga ɗakin Baba, ta tarar da mu mun kewaye shi muna sharar hawaye, ta dube mu ɗai-ɗai.

"Mi na na? Anka ce muku ya mutu? Ku ba ni wuri."

Ta durƙusa ta kama fuskarsa. "Auta, ni ta." Mutum mai furfura, mai jikoki, amma a bakinta Auta ne har ta koma ga Allah. Mahaifiyarsu ta rasu yana shan nono, ita ta goya shi. Ta waiwayo ta faɗi maganar da muka ji ta fi sau ɗari bayan nan: "Ni nak koya mai tahiya ta hwarko. Ta biyu ba ta gagara ta, in Allah ya so."

Abin da ta fara tambaya shi ne salla nawa ta wuce shi. Muka kasa amsawa, don mu ta ransa muke yi. Ta sa aka juya gadonsa ya fuskanci gabas, ta yi masa alwala da hannunta, ta ce ya yi da ido tunda ido bai shanye ba. Daga ranar nan, salla ba ta ƙara wuce shi ba. Ta raba mana aiki kamar mai rabon tuwo. Inna ke juya shi da dafa abin da zai iya haɗiya. Wana, babban ɗan gidan, ya riƙe fadama. Ni tela ne, kekena yana kasuwar Bodinga, ni aka ba wankansa da sayen magani. Litinin da Alhamis wani a gidan yana azumi, bi da bi, ita kuwa kowane zagaye tana ciki. Ranar Juma'a a toya masa a raba sadaka. Liman ya rubuto rubutu a wanke a ba shi, kuma ƙwayar asibiti ba ta yarda a tsallake ko ɗaya ba. Idan na dawo na ce babu maganin a kanti, sai ta ce, "Tela, Sakkwato ta ƙare? Koma."

Wata rana Kawu, da kyakkyawar niyya, ya zo da wani mutum mai jaka da layu, wanda ya zana ƙasa ya ce jifa ne, kuma wanda ya yi jifan maƙwabcin Baba ne na fadama. Gwaggo tana tuƙa tuwo. Ta fito da muciya a hannu, tuwo na ɗiga. "Wanda yat turo shi cikin amalanke har bakin hanya, shi za ka ce ya jehe shi? Tashi ka ba mu wuri tun ban shahwa maka tuwon ga ba." Mutumin ya manta da takalminsa ɗaya. Ranar ce Baba ya fara dariya, rabin baki, har da hawaye.

Carbi ta saka masa a hannun da ya mutu. Kullum bayan ta murza masa hannun da man shanu sai ta naɗa carbin a yatsunsa, ta ce ya ja. Wata bakwai carbin yana nan yadda ta ajiye shi. Ni kam a raina na ce tsohuwa tana wahalar da kanta. Ran nan ina aske masa kai sai na ji ƙwas, ƙwaya ɗaya ta faɗa kan 'yar'uwarta. Babban yatsansa ne ya motsa. Gwaggo ba ta yi guɗa ba. Ta fita tsakar gida ta sa goshinta a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Daga kwance ya koma salla a zaune, jingine da bango. Sai ta aiki wana Danchadi ya ciro dogon itacen jigon da Baba ya faɗi a ƙarƙashinsa. Wana ya ce ana amfani da shi. Ta ce a sari wani. Aka kafa gwafa biyu a tsakar gida aka gitta itacen a kai daidai ƙugu, daga ƙofar ɗakin Baba zuwa rumbu. Hannunsa ya san itacen nan, in ji ta, shekara talatin suna tare. Kowace safiya sai mu miƙar da shi ya dafa, ita tana gabansa tana ja da baya, kowane taku salatin Annabi ɗaya, tana lissafi da ƙarfi duk unguwa na ji. Taku uku. Bayan wata biyu, taku bakwai, ya taɓa rumbu. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa dokin ƙofar zaure, inda ake fita waje, ta auna da ƙafarta ta ce gaba ɗaya ashirin da uku ne. Burinta ɗaya, kuma ba ta ɓoye shi ba: ta ga ƙanenta ya fita ƙofar nan ya tsaya a sahu da ƙafafunsa.

A shekara ta biyu ne muka ɓata da ita, kuma ni ne marar gaskiya. Baba ya gwada salla a tsaye a ɗaki, ya zo ruku'u sai ƙafar ta ci amanarsa, ya kife har goshinsa ya fashe. Bayan kwana biyu ya kira ni ni kaɗai, ya ce in sayo masa farin yadi, likkafani, in ajiye. Ban yi musu ba. Umarnin uba ne, kuma dattawa da yawa suna tanadin nasu. Gaskiya kuma, ni ma na gaji, zuciyata ta riga ta sallama. Yadi ya fara wuya a kasuwa lokacin, amma na samu mai kyau, na auno wadatacce saboda Baba dogo ne. Na shigo da shi a ƙunshe cikin tsohuwar takarda, ina raɓe-raɓe. Gwaggo tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tela, mi kar riƙo?"

Na ce ɗinkin mutane ne. Ta miƙo hannu. Ta buɗe, ta shafa yadin, ta gane. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta shiga ɗakin Baba da shi, ni ina biye kamar ɓarawon da aka kama.

"Auta, kai kas sa shi?"

Baba ya ce tanadi ne, ita ma ai tana da nata a adaka.

"Ina da shi. Amma ni ban sai nawa don ina hushi da Ubangijina ba. Kai hushi kaka yi don ka hwaɗi sau guda. Da kana yaro sau nawa kah hwaɗi gabana? Likkahwani nas sai maka?"

Ta naɗe yadin ta kulle a adakarta, ta rataya makullin a wuya. Ni kuwa kwana tara ba ta amsa gaisuwata ba. A na goma na tarar an ajiye mini fura a kan kekena a kasuwa, ta aiko da ita ba saƙo. Da na je godiya ta ce, "Kai ɗa na, ka bi umurnin uba. Amma wata rana uba shina buƙatar ɗan da ka ce mai a'a."

Nata likkafanin bai daɗe a adakar ba. Bara da damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, mutanen arewa da mu suka fara gangarowa neman abinci. Wata mata daga cikinsu ta rasu a rumfar kasuwa, ba dangi, ba ko zane na biyu. Ana ta shawarar yadda za a yi, Gwaggo ta buɗe adaka ta ba da nata. Inna ta ce, ke fa? Ta ce wanda ya ba ta wannan bai mutu ba.

Zuwa lokacin da sojoji suka dawo, aka shiga layin sabulu da madara, Baba ya bar itacen jigo ya koma sanda. Magana ta dawo, sai ɗan nauyi. Yana iya takawa har dokin ƙofar zaure, ashirin da uku cif. Nan yake tsayawa. Ko da wasa bai taɓa yin na ashirin da huɗu ba, kuma tun faɗuwar nan bai sake yarda ya yi salla a tsaye ba. Ni na san dalili, kowa ya sani. Mutanen da suka gan shi a amalanke suna nan a bakin masallaci.

Kwana biyu kafin rasuwarta suka yi faɗan da ya fi kowanne. Ranar Juma'a ce, ta sa na wanke masa babbar riga, ta shafa masa turare, ta rako shi har zaure. Ya ji muryoyin maza a waje sai ya juya.

"Sun gan ni cikin amalanke, Adda. Ba su ƙara ganina sai cikin makara."

"Kai ka rabon makara? Auta, taku guda na. Ni ba ni dawwama nan ina ƙirga maka."

"Ke za ki ruhe ni," in ji Baba, ya koma ɗaki.

Ta yi fushi na gaske. Asabar ba ta ce masa uffan ba, ko da yake kununsa bai makara ba. Lahadi da safe ta murza masa ƙafa kamar kullum, shiru, shi ma shiru, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Ta fito ta wanke hannu, ta zauna jikin rumbu da faifai tana tsince irin albasa. Ta ce wa Inna kanta ya yi nauyi. Inna ta shiga ɗaki ɗauko mata ruwa, ta fito ta tarar faifan ya zame daga cinyarta. Shi ke nan. Ba ciwo, ba jinya, ko kwana ɗaya ba ta ba mu mun yi mata abin da ta yi wa Baba shekara huɗu ba. Aka aiko mini kasuwa na zo a guje ina cewa ƙarya ne, suma ce, ku yayyafa mata ruwa. Na taɓa ƙafarta na ji ta fara sanyi.

Da mata suka zo wanka, Inna ta cire makullin daga wuyanta ta miƙo mini, ba ta dube ni ba. Na buɗe adakar. Yadin yana nan a ƙasa, a naɗe, ta sa masa turaren wuta don kada asu ya ci. Ni na auno shi da tsawon Baba, ni kuma na yanka shi da tsawonta. Ya ishe ta har da saura. Allura ta soke ni ban san sau nawa ba.

Duk wannan hidima Baba yana ɗaki, bai yi kuka ba. Mun bar shi, don ba mu san abin da za mu ce masa ba. Bayan azahar aka fito da ita aka ajiye makarar a filin ƙofar gida, maza suka yi sahu uku. Liman ya gyara tsayuwa zai ɗaga hannu, sai muka ji ƙarar sanda daga cikin zaure, ƙwas, sai jan ƙafa, ƙwas, sai jan ƙafa. Kowa ya waiwaya.

Ya sa babbar rigar nan ta ranar Juma'a, shi kaɗai ya saka ta, har wuyan ya karkace. Ya iso dokin ƙofa ya tsaya. Mutanen da ba su gan shi ba tun ranar amalanke suna kallonsa, wasu sun riƙe baki. Ni da wana muka zabura za mu kama shi, ya ɗaga mana sanda. Ya ɗaga ƙafar hagu ya tsallake, ya jawo ta dama. Na ji bakina yana ƙirgawa ban sani ba. Taku tara ne daga ƙofa zuwa sahun gaba, aka buɗa masa wuri.

Wani ya rugo da kujera. Liman ya ce, "Malam, kana da uzuri, zamna."

Baba ya girgiza kai. "Wagga salla ba ta da ruku'u, ba ta da zama. Tsayuwa ta. Ita taka so."

Ya miƙo mini sandar. Na riƙe ta, na tsaya a gefensa, kafaɗata na taɓa tasa, ina jin yadda duk jikinsa ke karkarwa. Kabbara huɗu. Ban san abin da na karanta ba, Allah ya yafe mini, hankalina yana kan gwiwarsa. Ba ta lanƙwashe ba. Da aka sallame ya dubi makarar ya ce a hankali, "Adda, ga ni tsaye." A nan ne kukan ya zo masa, kuma babu namijin da ke wurin da ya ga laifinsa.

Abin da ke ci mini rai ke nan, kuma na kasa haɗiye shi ko da na san ba a jayayya da hukuncin Allah. Shekara huɗu tana ja da baya a gabansa don ta ga wannan tsayuwar. Ranar da ya tsaya tana nan a gabansa, taku biyu tsakani, amma fuskarta a rufe take da yadin da na sayo.

Ya Allah, ka ga abin da ta yi, ba sai mun ba ka labari ba. Ka yalwata mata kabarinta, ka haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta, ka tsayar da ita a inuwa ranar da kowa zai tsaya. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa Fatiha ɗaya.

Itacen jigon yana nan a tsakar gida, ba wanda ya ce a cire. Baba yana zuwa masallaci yanzu, salla biyar, a sahun gaba, idan an zo ruku'u ya dafa kafaɗar wanda ke kusa. Na lura da wani abu da yake yi, ban gaya wa kowa ba sai yau. Duk sanda ya iso dokin ƙofar zaure sai ya ɗan dakata, ya waiwaya wajen rumbu inda take zama. Sannan ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji daga cikin gida: "Ashirin da huɗu."